Kuɗin Kallon Inna Kellu

A garin Magarya an yi wani ma'aikaci mai suna Zakariya'u, yana aiki a ma'aikatar noma. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, ba wanda ya taɓa kiransa marowaci. Amma yana da wani hali da ya daɗe bai gane aibi ba ne. Ya ɗauka duk inda kuɗinsa ya je, kamar shi ne ya je. In an yi rasuwa a dangi, ya aika da kuɗi. In an yi haihuwa, ya aika da kuɗi. In ɗan'uwa ya kira shi da wata damuwa, kafin ya kai ƙarshen magana sai ya tare shi da cewa, "Nawa ne?" Kuma yana jin daɗi in labarin abin da ya bayar ya zagaya.

Mahaifiyarsa, Inna Kellu, tana zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Guci tare da ƙanensa Inuwa, wanda ke noma gonar gado yana kiwon 'yan shanun gidan. Zakariya'u ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma doguwar hira da shi, kamar yadda ta tarar iyayenta na yi. In za ta ambace shi sai ta ce "na Magarya".

Shekarar da aka ƙara masa girma a wurin aiki, Zakariya'u ya sayo wa Inna tele da parabol, wato farantin kama tashoshi, da dekoda, ya haɗa da faifan hasken rana da batir, tunda babu wutar lantarki a ƙauyen. Ya tafi da Sabo, mai shagon da ake biyan abonoma a Magarya, wato kuɗin kallo na wata-wata, don ya kafa kayan. Ranar da aka kunna, rabin ƙauyen ya taru a tsakar gidan. A gaban jama'a Zakariya'u ya ce wa Sabo ya sa wa Inna babban tsari, mai dukan tashoshi.

Sabo ya matso kusa da shi ya ce a hankali, "Malam, Inna ba Faransanci take ji ba, ba ƙwallo take kallo ba. Ƙaramin tsari ya ishe ta. Akwai wa'azi a ciki, akwai labarai da wasan Hausa."

Zakariya'u ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ita ta haife ni. Abin da nake kallo a gidana, shi za ta kalla."

Mutane suka yi ta sa masa albarka, ya koma Magarya ransa fari.

Daga nan, duk ranar biyar ga wata sai ya biya ta shagon Sabo ya biya abonoma biyu, na gidansa da na Inna, kowanne jika goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar. Yana fitowa daga shagon sai ya kira salular Inuwa ya ce a miƙa wa Inna.

"Inna, ina wuni? Na biya na wannan watan."

"Madalla. Allah ya yi albarka. Ya mutan gidan?"

"Lafiya lau suke. To, sai an jima, ina da aiki."

Iyakar hirar ke nan, ba ta cika minti biyu. A shekarar farko ya je ƙauyen da ƙaramar salla da babba. Daga baya sai zuwan ya koma saƙo. Ya ce hanyar Dungas zuwa Guci yashi ne, tana kashe moto, wato babur ɗinsa. Ya ce aiki ya yi yawa a buro, wato ofis. Da haka aka shafe shekara ɗaya da rabi bai taka gidansu ba, kuma bai ji a ransa ya rage komai ba, tunda bai taɓa fashin biya ba.

Sau biyu Inuwa ya kira shi a tsakanin nan. Na biyun ya ce, "Yaya, ya kamata ka zo. Akwai maganar Inna da ba ta salula ba ce."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Tana ci tana sha, amma dai..."

"Nawa ne?"

Zakariya'u ya tura masa jika goma a ranar, ya manta da zancen.

Sai aka shiga shekarar da kaya suka yi tsada, albashi ya daina kaiwa ƙarshen wata. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, matarsa Ruma'isa ta kawo masa abinci ta zauna gefe.

Ta ce, "Malam, wata guda ke nan ina lura da telen nan. Yara tasha ɗaya suke kallo. Ni biyu. Kai labarai, sai ƙwallo ranar Lahadi in akwai wuta. Tashoshi sun fi ɗari biyu, biyar muke taɓawa. Me zai hana a koma ƙaramin tsari?"

Ya ɓata rai ya ce, "Maƙwabta da ke shigowa kallo su ce na karye?"

"Maƙwabta ba su san kuɗin buhun shinkafar gidan nan ba. Ni na sani."

Maganar ta zauna masa. Da ya gama cin abinci ya ce, "Zan tambayi Sabo kan na gidan nan. Na Inna kuwa ba za a taɓa shi ba."

Ranar biyar ga wata ya shiga shagon Sabo. Ya jira har mutanen da ke ciki suka fita, sannan ya tambaya, cikin jin nauyi, ko akwai hanyar rage kuɗin. Sabo bai yi masa dariya ba. Ya ce ƙaramin tsari na jika biyar yana ɗauke da duk tashoshin da Ruma'isa ta lissafa, ban da ƙwallo. Ya ce ƙwallon ma ba dole ba ne a biya shi duk shekara, akwai watannin da ba a buga komai. Ya ce akwai kuma tashoshin kyauta da ba a biyan ko dala, ana kama su da dekoda mai araha in an juya parabol.

Zakariya'u ya ce zai yi tunani, ya miƙa kuɗin Inna. Sabo ya dubi kuɗin, bai karɓa ba.

Ya ce, "Malam, ina da riba a kan kowane abonoma da ka biya, amma wannan ba zan karɓa ba sai na faɗa maka abin da na gani. Ranar kasuwar Guci da ta wuce na je kafa wa wani parabol a ƙauyenku. Na ce bari in leƙa in duba na Inna. Na tarar da shi a ƙasa, jingine a bayan rumbu, ya yi tsatsa. Maƙwabcinku ya ce iskar damina ce ta kayar da shi, ba ta bana ba, ta bara."

"Ta bara?"

"Haka ya ce. In gaskiya ne, wata goma sha huɗu ke nan kana biyan abin da ba a kallo. Ƙanenka ba ya gida lokacin, ni kuma ban shiga ciki ba."

Zakariya'u ya fito daga shagon ransa a ɓace. Ranar bai kira kowa ba. A zuciyarsa ya riga ya yanke hukunci: Inuwa ya sayar da telen da dekodar ya ci kuɗin, ya bar shi yana zuba kuɗi a banza, ita kuma Inna tana rufa masa asiri. Ruma'isa ta ce ya bi a hankali, bai san abin da ya faru ba. Ya ce zai je ya gani da idonsa. Abin da son uwa bai sa ya yi ba cikin shekara ɗaya da rabi, fushi ya sa ya yi cikin kwana biyu.

Ranar Asabar da sassafe ya hau moto. Hanyar da yake ta kuka da ita ba ta ɗauke shi rabin wuni ba. Da hantsi ya isa ƙauyen. Ya kafe moton a ƙofar gida ya shiga ba tare da ya yi sallama ba.

Inna Kellu na zaune a kan tabarma a inuwar dalbejiya, tana ɓarar gyaɗa. Ya tsaya a gabanta, taku uku tsakaninsu. Ta ɗago kai ta dubi wajen da yake, hannunta bai daina aiki ba.

Ta ce, "Wane ne? In Inuwa ake nema, ya kai shanu rijiya."

Zakariya'u ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi idanunta. Baƙin idon dama ya yi fari kamar an ɗiga nono. Na hagu a buɗe yake, amma ba ya bin komai. Ya ga yadda take laluba ƙwarya da yatsa kafin ta jefa gyaɗar.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ne."

Hannunta ya tsaya. Ta gyara mayafinta, ta juya fuska gefe kamar yadda ta saba yi a gabansa. Ta ce, "A'a, na Magarya ne? Sannu da hanya. Jiya da shekaranjiya ba a ji ka ba, na ce ko lafiya."

Ya tashi ya leƙa ɗakinta. Telen na nan a kan tebur, an lulluɓe ta da zane mai tsabta. Dekodar na gefe a cikin kwalinta. Ba abin da ya ɓata.

Yana tsaye a ƙofar ɗakin Inuwa ya shigo da sanda a kafaɗa. Suka gaisa. Zakariya'u ya ja shi zaure.

"Tun yaushe?"

Inuwa ya ce, "Tun kafin parabol ɗin ya faɗi take cewa hoton ya yi hazo. Na zaci telen ce. Da iska ta kayar da shi na ce zan nemo mai gyara, ta ce in bari, ba ta ganin komai a ciki sai haske. Na kai ta asibitin Guci, suka ba da maganin ɗigawa, suka ce a kai ta Damagaram. Ta ce tsufa ne, ba inda za ta."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ta hana ni. Ta ce in na faɗa maka a salula ba ta yafe ba. Shi ya sa na ce ka zo. Ka ce nawa ne."

Zakariya'u ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, don me za ta bar ni ina biya?"

Inuwa ya jingina sandarsa da bango. Ya ce, "Yaya, na tambaye ta wannan. Ta ce in ka ji ba ta kallo za ka daina biya, in ka daina biya kuma ba ka da dalilin kira. Tun ranar uku ga wata take sa ni in caja salula. Ranar biyar ba ta bari in fita da ita daji. Tana zama da ita a cinya tun safe. Shekaranjiya har la'asar tana riƙe da ita, ba ka kira ba, ba ta ci abinci ba."

Zakariya'u ya zauna a dakalin zauren ya rufe fuskarsa da hula. Ya daɗe a haka. Da ya samu kansa, abin da ya fara yi shi ne neman gafarar ƙanensa. Ya faɗa masa gaskiyar abin da ya kawo shi, da zargin da ya yi masa a zuci. Inuwa ya ce, "Ko ma mene ne ya kawo ka, ai ka zo."

Ya koma wurin Inna ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Gobe zan nemo mota mu tafi a duba idon nan."

Ta ce, "Kana da aiki. Kuma kuɗi ake kashewa."

"Aikin zai jira. Ba zan koma ba sai da ke."

Ta murza ɓawon gyaɗa a hannunta. Sannan ta ce, "To, in da kai za a je."

A Damagaram likitan ido ya duba ta da na'ura ya daɗe. Ya kira Zakariya'u gefe. Ya ce na dama yanar ido ce ta rufe shi, ana yin aiki a cire, in Allah ya so za ta gani. Na hagu kuwa wani ciwo ne daban, hawan jinin ido, kuma ya riga ya cinye jijiyar.

Likitan ya ce, "Da an kawo ta shekara guda da ta wuce, da mun tare shi da magani. Yanzu na hagun ya tafi. Ciwon ya fara taɓa na daman ma. Da kun ƙara wata shida, ko an cire yanar ba abin da za ta gani."

Da aka faɗa masa kuɗin aikin, Zakariya'u ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, don bai kai abin da ya zuba a parabol ɗin da ke jingine a bayan rumbu ba.

Aka sa musu rana nan da mako biyu. Inna ta zauna a gidansa na Magarya, Ruma'isa na ɗiga mata magani safe da yamma. A cikin kwanakin nan Zakariya'u ya koma shagon Sabo. Ya ce a mayar da na gidansa ƙaramin tsari, a dakatar da na ƙauye. Sannan ya ba shi labarin duk abin da ya tarar.

Ya ce, "Sabo, da ka karɓi kuɗin nan ka yi shiru, ba wanda zai ce ka yi sata. Da kuma uwata ta makance. Ban san da me zan saka maka ba."

Ya zaro kuɗi zai ba shi. Sabo ya tura hannunsa baya. Ya ce, "Malam, ka bar shi. Ni ma ina da tsohuwa. In Inna ta warke, ka kira ni in je in tayar da parabol ɗin, in sa mata tashoshin kyauta. Wannan ya ishe ni."

Maƙwabtan da yake tsoron bakinsu ba wanda ya lura an canza komai. Yara suka ci gaba da kallon tasharsu. Ranar Lahadi ya fara zuwa gidan abokin aikinsa su kalli ƙwallo tare, su haɗa kuɗin watan su biyu.

Ranar aiki ta zo, aka yi lafiya. Washegari da safe aka kira su don cire bandeji. Zakariya'u na tsaye a gaban gadon, Inuwa na gefe, ya baro shanu a hannun maƙwabci ya zo. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaye audugar a hankali. Inna ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ta dubi taga. Ta dubi hannunta, ta juya shi. Ta dubi Inuwa ta yi murmushi. Sannan ta ɗago ta dubi ɗanta na fari, kuma a karon nan ba ta kau da kai ba. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Ashe ka yi furfura."

Zakariya'u ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Inna ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Alhamdu lillahi. Ɗaya ma ya ishe ni. Allah na gode maka."

Bayan wata guda ta ce a mayar da ita ƙauye, ta gaji da hayaniyar gari. Kuɗin da aka rage daga abonoman biyu ya ishi maganin ɗigawarta na kowane wata da man moto, har da saura. Duk Asabar ta biyu Zakariya'u kan kama hanyar Guci, wani lokaci da Ruma'isa, wani lokaci da ɗaya daga cikin yaran. Idon hagu bai dawo ba, kuma bai taɓa kallonsa ba tare da zuciyarsa ta sosu ba. Amma duk wanda ya tambaye shi labarin, da godiya yake farawa: ga Allah da ya bar mata ido guda, ga matarsa da ta tayar da maganar, ga ƙanensa da ya yi haƙuri da shi, ga kuma mai shagon da ya zaɓi gaskiya a kan ribarsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya riƙa biyan abu wata bayan wata don sabo ko don a ce ya isa, ba tare da ya tsaya ya duba ko ana amfani da shi ba. Tsayawar nan ba rowa ba ce, hankali ne, kuma sau da yawa tana tona abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Sannan mu sani, aike ba ya zama madadin zuwa. Iyayenmu kan ɓoye ciwonsu saboda kunya da gudun ɗora mana nauyi, ba kuma za mu gane ba sai mun zauna a gabansu mun dube su. Wanda iyayensa ke raye ya je ya gan su tun da sauran lokaci. Wanda kuma Allah ya haɗa shi da mutanen da za su faɗa masa gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba, ya riƙe su da kyau, ya gode musu.